Hoton zuciya a lokacin maganin kansa da ciwon tsokar zuciya: wanne ke nuna me?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Yayata tana karɓar maganin kansar mama. An fara mata da doksorubisin, an ce bayansa za a ɗora ta a kan tarastuzumab na shekara guda. Kafin a fara an yi mata eko, wato hoton zuciya, takarda ta nuna EF 63. Bayan zagaye huɗu an sake yi, ya dawo 56. Ita ba ta jin komai, amma hankalinmu ya tashi. Maganin ya taɓa mata zuciya ke nan? Sannan kawunmu an ce tsokar zuciyarsa ta yi kauri, an yi masa eko, an sake tura shi MRI da wani hoton ƙashi. Me eko ya kasa gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Yaya da Kawu lafiya.

Saukowa daga 63 zuwa 56 kaɗai ba ta isa a ce zuciya ta taɓu ba, ba ta kuma isa a share zancen ba. Sai an san yadda aka samo kowace lamba: da wace na'ura, ta wace hanya, kuma a wane hali jikin yake ranar. A bibiyar zuciyar mai karɓar maganin kansa, hoto guda tilo ba ya faɗin abu mai yawa. Amfaninsa yana fitowa ne idan an ajiye shi kusa da na farko, kuma kwatancin ba ya inganta sai an auna duka biyun da mudu ɗaya.

Babban ɗakin zuciya na hagu, mai tura jini zuwa jiki, yana cika sannan ya matse. EF shi ne kason jinin da ya fita a matsa guda. Ɗakin da ya cika da mililita 120, ya matse ya bar 48, ya fitar da 72 ke nan, wato kashi 60 cikin 100. Zuciya mai lafiya ba ta juye jininta duka, don haka ba a neman 100. Daidai yana farawa daga 52 ga maza, 54 ga mata, har zuwa 70 da 'yan kai. Lambar Yaya ta 56 ba ta fita daga wannan iyaka ba.

Ga yadda ake samo ta. Majiyyaci yana kwanciya a gefen hagu, hannun hagu a ƙarƙashin kai, domin zuciya ta matso kusa da haƙarƙari. Mai awo ya shafa man nan mai sanyi, ya ɗora kan na'urar ƙasa da maman hagu inda ake jin bugun tsinin zuciya, ya ɗauki hoto ta fuska biyu, mai nuna ɗakuna huɗu da mai nuna biyu. A kowanne zai zana layi a iyakar jini da tsoka, sau ɗaya lokacin da ɗakin ya cika, sau ɗaya lokacin da ya matse. Kwamfuta ta yanka abin da ya zana faifai-faifai guda 20, ta haɗa lissafin. Hanyar Simpson ke nan, za ki ga sunan a takarda.

Kuskure yana shiga ta ƙofofi da yawa. Mafi yawansa shi ne a ɗora kan na'urar sama da inda ya dace da haƙarƙari ɗaya, hoton ya yanki zuciya a karkace, tsinin gaskiya ya ɓace. Ɗakin sai ya fito gajere, EF ya fito sama da yadda yake. Idan an yi wannan a hoton farko, aka gyara a na biyu, za a ga "saukowa" wadda babu ita a jiki. Na biyu, rashin ganin iyakar da kyau: wadda aka cire wa maman hagu, ko aka sa mata na roba, ko aka yi wa ƙirjinta gashi (ƙona kansa da hasken na'ura), da mai ƙiba, da mai ciwon huhu, duk hotonsu yakan yi hazo. Idan ɓangare biyu na bangon da ke jere ba sa ganuwa, ƙa'ida ita ce a yi allurar ƙananan kumfa ta jijiya, wadda ke haskaka jinin ya fito fari tas, iyakar ta bayyana. Akwai kuma masu duban allo su rubuta 55 zuwa 60. Ido ya san kima, ƙwararre yakan faɗi kusa, amma inda za a dakatar da maganin kansa ko a ci gaba da shi a kan tazarar maki goma, mudu ake buƙata.

Jikin ma yana da nasa. EF yana hawa yana sauka da yawan jinin da ya dawo zuciya da nauyin da take turawa. Mace ta kwana biyu tana amai bayan kemo, wato maganin kansa, har ruwan jikinta ya ragu, ko jininta ya yi ƙasa bugu ya kai 110, ko hawan jini ya tashi ranar saboda fargaba, duk waɗannan suna motsa lambar. Shi ya sa takarda mai kyau take ɗauke da awon hawan jini da yawan bugu na lokacin da aka ɗauki hoton. Idan aka haɗa waɗannan duka, eko na yau da kullum yana iya bambanta da kusan maki 10 a mutum guda ba tare da zuciyarsa ta canja ba. Eko mai fuska uku (3D), wanda ke ɗaukar ɗakin gaba ɗaya ba tare da ƙiyasin siffarsa ba, yana rage wannan zuwa maki 5 ko 6. Maki bakwai na Yaya suna cikin tazarar maki 10 ta eko na yau da kullum.

To me ya sa ba za a share ba? Saboda EF yana zuwa a makare. Zaren tsokar zuciya ba layi ɗaya yake bi ba. Na can ciki yana tafiya a tsaye daga gindi zuwa tsini, na tsakiya yana zagaye ɗakin kamar ɗamara. Na cikin shi ya fi saurin jin jiki. Idan ya fara rauni, mai zagayen yakan ƙara himma ya rufe giɓin, EF ya zauna daram alhali ɓarna ta soma. Awon da ke kama wannan shi ne GLS. A hoton eko tsoka tana fitowa da ɗigo-ɗigo kamar tsaba, kuma kowane yanki yana da nasa tsarin ɗigon. Manhaja tana bin waɗannan ɗigo daga farkon matsa zuwa ƙarshe, ta lissafa da kaso nawa tsokar ta gajarta a tsaye. Ana buƙatar fuska uku daga tsini, da saurin ɗauka na wajen hoto 40 zuwa 80 a daƙiƙa. Sakamakon yana fitowa a zanen da'ira mai yanki 17 ko 18, tsini a tsakiya, gindi a baki. Lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta domin gajarta ce, kada ta ruɗe ki. Girman lambar ake dubawa: 18 zuwa 22 daidai ne, 16 zuwa 18 bakin iyaka, ƙasa da 16 akwai rauni.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne nawa ta sauka daga ta farko. Ragin da ya haura kashi 15 cikin 100 na lambar farko shi ne alama. Wadda ta fara da 21 ta dawo 17 ta rasa 4. A raba 4 da 21, kashi 19 ke nan, ta tsallake layin. Wadda ta fara da 18 ta dawo 17 ba ta rasa ko kashi 6 ba. Lambar yau iri ɗaya ce, hukunci daban. Nan ne darajar hoton farko take, kuma wanda aka fara wa kemo ba tare da shi ba an rasa abin da ba a iya dawowa da shi. Manhajojin kamfanoni daban-daban ba sa ba da lamba ɗaya a kan zuciya ɗaya, don haka GLS na na'urar wani kamfani ba a kwatanta shi kai tsaye da na wani.

Ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta fitar a 2022 sun kasa mai irin wannan matsala da ba ya jin komai gida uku. Mai sauƙi: EF na nan 50 ko sama, amma GLS ya sauka fiye da kashi 15, ko gwajin jini na tiroponin ko NT-proBNP, masu nuna zuciya ta ji jiki, ya tashi. Matsakaici: EF ya sauka da maki 10 ko fiye ya faɗa tsakanin 40 da 49, ko ya faɗa can da ƙasa da maki 10 amma GLS ko gwajin jini sun goyi baya. Mai tsanani: EF ya koma ƙasa da 40. Da 56, mafi munin inda Yaya za ta faɗa shi ne rukuni na farko, kuma ko shi sai GLS ko jini sun nuna. A wannan rukuni ba a dakatar da maganin kansa. Ana matso da bibiya kusa, a gyara hawan jini, sau da yawa kuma a fara maganin kare zuciya irin enalafiril ko kabedilol. Ina jaddada wannan domin tsoron lamba yana sa wasu iyalai su janye mara lafiya daga maganin da zai ceci ranta, kuma wannan asara ta fi wadda ake gudu.

Magungunan biyu ba halinsu ɗaya ba. Doksorubisin yana kashe ƙwayoyin tsoka, kuma haɗarinsa yana taruwa da jimillar abin da mutum ya karɓa a rayuwarsa. Ana lissafa shi da miligiram a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki. Zagaye huɗu na 60 suna ba da 240, kusa da 250 inda ake fara sa ido sosai. Gazawar zuciya tana samun wajen kashi 5 cikin 100 a jimillar 400, ta haura zuwa wajen kashi 26 a 550. Wani bincike da aka yi a Milan ta Italiya, aka wallafa a 2015, ya bi mutum 2,625 da suka karɓi irin wannan magani: kashi 9 cikin 100 EF ɗinsu ya faɗi, kuma kashi 98 cikin 100 na waɗannan a cikin shekarar farko bayan gama kemo abin ya faru. Masu binciken sun riga sun nuna cewa wanda aka fara wa maganin zuciya cikin wata biyu da gano raunin ya fi samun farfaɗowa, wanda kuwa aka jinkirta ya wuce wata shida ba a ga ya dawo daidai ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Eko na bayan gama kemo, cikin wata goma sha biyu, ba abin tsallakewa ba ne ko da mutum yana jin garau. Tarastuzumab kuwa yawanci yana raunana aikin tsoka ne ba tare da kashe ta ba, raunin bai dogara da jimilla ba, kuma yakan warware idan an ɗan dakata an ba da maganin zuciya. Haɗarinsa ya fi yawa ga wadda ta riga ta karɓi doksorubisin, kamar Yaya. Ana yin eko duk wata uku har a gama, kuma wannan 56 ita ce sabon ma'auni da za a riƙa kwatantawa da shi, don haka ya kamata a tabbatar da ingancinta kafin allurar farko.

Akwai tsohuwar hanya da ake kira MUGA, inda ake manna wa jajayen ƙwayoyin jini sinadarin teknishiyam a ƙirga haskensa. Lambarta ba ta yawan kaɗawa, amma tana ɗora wa jiki tururin nukiliya a kowane awo, kuma ba ta nuna ƙofofin zuciya ko jakar da ta lulluɓe ta. Yau sai inda eko ya gaza kuma MRI bai samu ba. Kada a haɗa EF na MUGA da na eko a layi ɗaya a ce ya hau ko ya sauka.

Yanzu ga zancen Kawu. Eko yana nuna siffar tsoka da motsinta. Abin da ke cikin tsokar, tabo ne, ruwa ne, ƙarfe ne ko baƙon furotin, wannan aikin MRI ne.

Awon yana ɗaukar minti 45 zuwa awa guda. Ana manna wayoyin bugun zuciya a ƙirji, a sa allura a hannu, a ɗora faifan karɓar sigina a kan ƙirjin, mutum ya shiga cikin na'urar. Za a riƙa cewa ya riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15, sau da yawa. Da farko ana yanka zuciya a hoto daga gindi zuwa tsini, yanka goma zuwa goma sha biyu, kowanne kaurin wajen milimita 8. Daga nan ake samun EF da girman ɗakuna mafi inganci da ake da su, domin babu haƙarƙari ko huhu da zai tare gani. Sai a zuba sinadarin gadoliniyam ta jijiya, a jira minti 10 zuwa 15. Sinadarin ba ya shiga cikin ƙwayar tsoka mai rai, a tsakankanin ƙwayoyi yake zama. Inda tsoka ke da lafiya yakan wanke da wuri, inda akwai tabo yakan daɗe. Mai aikin na'ura yana saita ta yadda tsoka mai lafiya za ta fito baƙa wuluk, tabo ya fito fari.

Inda farin ya zauna shi ke faɗin asalin ciwon. Idan ya fara daga fatar ciki mai taɓa jini, ya bi yankin da jijiya guda ke ciyarwa, toshewar jijiya ce ta jawo shi, domin ɓangaren cikin shi ne na ƙarshe a layin samun jini, shi ke fara mutuwa. Idan tabon ya ci fiye da rabin kaurin bango, da wuya wurin ya farfaɗo ko an buɗe jijiyar. Siririn layi a tsakiyar bangon da ya raba ɗakuna biyu, wanda ya bar ciki da waje, yana nuna ciwon da ke buɗa zuciya ta yi girma ta saki, kuma ana ganinsa a kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi. Fari a gefen waje na bangon ƙasa da na gefe alamar kumburin tsoka ce, irin wanda ƙwayar cuta ke jawowa. Fari ɗigo-ɗigo a wurin da ya fi kauri da inda ɗakin dama ya haɗu da bangon tsakiya, na ciwon kaurin tsoka na gado ne. Idan kuwa mai na'ura ya yi ta saiti tsokar ta ƙi yin baƙi, jinin ma ya yi duhu da wuri, wannan wahalar da kanta alama ce ta amiloid, baƙon furotin da ke taruwa a tsoka.

Wannan hanya tana da makanta guda: kwatanci take yi tsakanin wuri mai ciwo da wuri mai lafiya. Idan ɓarnar ta bazu ko'ina daidai wa daida, babu abin kwatantawa. Haka ɓarnar doksorubisin take, shi ya sa MRI na mai ita yakan fito babu tabo, kuma rashin tabon bai wanke zuciyar ba. Don haka aka ƙaro awon da ke ba kowane ɗigon tsoka lamba. Awo na farko, T1, yana wajen 1,000 a na'ura mai ƙarfin tesla 1.5, ya fi haka a mai tesla 3, kuma kowace cibiya tana da nata ma'aunin. Yana tashi da tabo, ruwa da amiloid, yana sauka da ƙarfe da wata cutar gado mai suna Fabry. T2 yana tashi da ruwa, wato kumburi na yanzu-yanzu. ECV shi ne kason filin da ke tsakanin ƙwayoyi, wajen kashi 25 ga mai lafiya, sau da yawa sama da 40 ga mai amiloid. Lissafinsa yana buƙatar awon yawan jini na lokacin, in an manta da ɗibar jinin lambar ba ta da tushe. Ga wanda ake yawan yi wa ƙarin jini akwai T2*, wanda ba ya buƙatar allura: ƙasa da 20 ƙarfe ya taru a zuciya, ƙasa da 10 gazawar zuciya tana kusa. Gwajin feritin na jini, mai auna ajiyar ƙarfe a jiki, ba ya maye gurbinsa.

Abubuwan da ke ɓata MRI su ne bugu mara tsari da kasa riƙe numfashi, duka biyun suna sa hoto ya yi dishi-dishi. Mai na'urar daidaita bugu a ƙirji sai an tantance irinta an saita ta. Wadda aka sa wa jakar faɗaɗa fata bayan cire mama ta faɗa tun kafin a ba ta rana, domin da yawansu suna da maganaɗisu a jiki. Mai ciwon ƙoda da awon tacewar ƙodarsa ya yi ƙasa da 30 ana zaɓar masa irin gadoliniyam mafi aminci ko a bar shi, mai juna biyu kuwa ba a ba ta sai dole.

Kaurin tsoka ba cuta ɗaya ba ce, kuma kama da wane ba wane ba ne. Hawan jini na shekaru yana kawo shi, haka ƙuncin ƙofar babbar jijiya, haka motsa jiki mai tsanani. Bangon ɗakin hagu bai cika wuce milimita 10 ko 11 ba. Idan ya kai 15 ba tare da dalilin da ya isa ba, ko 13 ga wanda danginsa ke da ciwon, ana zargin na gado, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 500. Eko yana iya ƙara milimita biyu-uku idan ya yanka a karkace ko ya haɗa da zaren tsokar ɗakin dama, yana kuma iya rasa kaurin da ya ɓuya a tsini. Amma a nan yana da abin da ya fi MRI: auna ko kaurin yana tare hanyar fitar jini. Ana aunawa a kwance, sannan a sa mutum ya yi yunƙuri ya riƙe, wani lokaci a sa shi motsa jiki. Bambancin matsi na 30, a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, toshewa ce, 50 tare da alamomin da magani ya kasa shi ne inda ake maganar aiki. MRI yana ƙara abin da ke taimakawa wajen hukuncin sa na'urar ceto daga mutuwar farat ɗaya: bango mai milimita 30 ko fiye, kumburar tsini, ko tabon da ya kai kashi 15 na nauyin tsoka. Idan wannan ne ya tabbata ga Kawu, kowane ɗansa da kowane ɗan'uwansa na jini, har da mahaifiyarku, yana da rabin yiwuwar ɗaukar ƙwayar gadon, kuma ya kamata a yi musu ECG, wato zanen bugun zuciya, da eko.

Tunda an tura shi hoton ƙashi, amiloid ake nema. Wani furotin ne ke lanƙwashewa ya taru tsakanin ƙwayoyin tsoka, bango ya yi kauri ya sandare. Abubuwan da ke jawo zargi: bango mai kauri amma layukan ECG ƙanana, zanen GLS da ya yi rauni a baki tsakiyarsa ta tsira, dattijon da aka taɓa yi wa aikin matsewar jijiya a wuyan hannu biyu shekaru kafin nan, ko wanda hawan jininsa ya sauka da kansa har ya daina jure magungunansa. Ana yin allurar sinadarin da aka saba hoton ƙashi da shi, a jira awa ɗaya zuwa uku, a kwatanta hasken zuciya da na haƙarƙari. Sifili babu komai, 1 ƙasa da haƙarƙari, 2 daidai da shi, 3 ya fi shi. Dole a haɗa da hoton da ke zagaya jiki, domin jinin da ke cikin ɗaki yana iya haske a ɗauka tsoka ce. Babban kuskure, wanda ke cin rai, shi ne a ga 2 ko 3 a tsaya nan. Amiloid na zuciya iri biyu ne manya. Na farko daga furotin ɗin da hanta ke yi, shi hoton ke kamawa, kuma yana da magani irin tafamidis. Na biyu daga ɓargo yake, yana gudu da sauri, maganinsa kemo ne a hannun likitan jini, kuma shi ma wani lokaci yana haske a hoton. Sai an yi gwaji uku sun fito babu komai, awon guntayen furotin na garkuwa a jini da tace furotin a jini da fitsari, sannan hoton ya isa hujja ba tare da yankar tsoka ba. Ku tambaya ko an yi wa Kawu waɗannan.

Akwai wata ɓarnar magani da ba ta bin duk wannan lissafi. Magungunan da ke sakar wa garkuwar jiki mara ta yaƙi kansa, irin nibolumab da fembirolizumab, suna iya sa garkuwar ta afka wa tsokar zuciya. Ba kasafai ba ne, amma yana kisa, kuma yawanci cikin wata uku na farko yake zuwa. Kusan rabin masu shi EF ɗinsu daidai yake, MRI da aka yi cikin kwana uku-huɗu na farko ma yakan fito babu tabo. A nan tiroponin da ECG ke gaba. Ruwa ba ya tsami banza: tiroponin ya tashi ga mai wannan magani, musamman da ciwon tsokar jiki ko faɗuwar fatar ido, ana dakatar da maganin a fara sitiroid mai ƙarfi ta jijiya ba tare da jiran hoto ba, sannan a sake MRI bayan kwanaki in na farko bai nuna ba.

Hoton PET na sukari mai haske ana yinsa ne idan ana zargin sakoidosis, wata cutar kumburi da ke iya kama tsokar zuciya. Ƙwayoyin kumburi sukari suke ci, tsokar zuciya kuwa tana cin sukari da mai, don haka sai an juya ta ga mai kaɗai: aƙalla ci biyu na abinci mai maiƙo ba sitaci ba sukari, sannan azumin awa 12 ko fiye. Cokali guda na sukari ko ƙarin ruwa mai gulukos ya isa ya haskaka zuciyar duka, a rasa gane komai. CT kuma aikinsa tabbatar da cewa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya a buɗe suke. Ana rage bugu zuwa wajen 60, a fesa maganin buɗa jijiya a ƙarƙashin harshe.

Idan za a yi wa Yaya gashi, musamman a hagu, ɓarnarsa mai dogon zango ce, shekara biyar, goma, ashirin. Binciken da aka yi a kan matan Suwidin da Denmak, aka wallafa a 2013, ya nuna haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yana ƙaruwa da kashi 7.4 cikin 100 a kan kowane gire ɗaya (ma'aunin yawan hasken gashi) na matsakaicin abin da zuciya ta sha. Shi ya sa ake koya wa mata jan dogon numfashi su riƙe a lokacin gashin, huhu ya cika ya ture zuciya daga hanyar hasken. Gashi yana taurara gindin ƙofofin hagu ya bar bakinsu, yana ƙuntata bakin jijiyoyi, yana sandarar da jakar zuciya. Ana yin eko bayan shekara 5 ga masu babban haɗari, 10 ga sauran, sannan duk shekara 5.

A ganawa ta gaba ku tafi da takardun eko biyun, da hotunan kansu in za a ba ku a faifai, domin mutum guda ya sake auna su kusa da juna. Ku tambaya ta wace hanya aka samo kowace lamba, ko an yi GLS a duka biyun da manhaja ɗaya, ko an ɗibi tiroponin da NT-proBNP, da jimillar doksorubisin da ta karɓa. Ta rubuta wannan jimilla ta adana, domin duk likitan da zai duba ta nan gaba zai buƙace ta. In hoton yana da hazo, a nemi mai fuska uku, ko allurar kumfa, ko MRI guda ɗaya kafin a fara tarastuzumab. Idan kuwa ta fara haki a hawan bene da ta saba hawa, ko ba ta iya kwanciya sai da matashi biyu-uku, ko ƙafa ta kumbura, ko nauyinta ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ko zuciya tana bugawa ba tsari, kada ta jira ranar da aka rubuta mata, a kai ta a ranar.